Ka San Maganinka Kafin a Raba Ka da Shi

Jama'a, a matso kusa. Maganar nan an daɗe ana yin ta a kunne, lokaci ya yi da za a yi ta a bainar jama'a.

Mutum kusan miliyan 2 ne ke rayuwa da cuta mai karya garkuwar jiki a Najeriya. Binciken gida-gida da aka yi a 2018 ya ƙiyasta su miliyan 1.9, ya kuma nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita. A Arewa maso Yamma kason ya tsaya a 0.6, har wasunmu ke ganin abin na can Kudu ne. To duk wanda ya san yawan jama'ar Kano da Kaduna da Katsina ya san wannan ɗan kason ba mutane kaɗan ba ne, kuma namu ne: direban da ya kai ka tasha, malamar da ke koyar da 'yarka, mai shagon bakin layi. Mafi yawansu suna kan magani, alhamdu lillahi.

Amma je ka asibiti ranar karɓar magani, ka zauna a benci ka zuba ido. Namiji ya miƙa kati ta taga, a turo masa na wata uku ko na wata shida, ya cusa a aljihun babbar riga. Mace ta tura nata ƙarƙashin hijabi. Kowa ya fice yana waige-waige kada ya yi karo da idon sani. In ka samu wanda ya saki jiki da kai ka tambaye shi sunan abin da yake sha, sai ka ji "mai farar roba", ko "wanda suka ce in riƙa sha da daddare". Me yake yi a jikinka? "Yana sa ni jin ƙarfi." Nawa awon jininka na ƙarshe ya nuna? "Sun dai ce da kyau." Yaushe za ka daina? "Sai yadda Allah Ya yi." Mutum ya shekara biyar ko goma yana haɗiyar ƙwaya kullum, iyakar saninsa da ita ke nan.

Wanda ke shan magani ido rufe yana riƙe da shi ne kawai zuwa ranar da wani mai zaƙin baki zai ce masa ya bari, ko ranar da jiki zai yi daɗi ya ce wa kansa ai an gama. Ta wannan ƙofar muke rasa mutane, alhali maganin yana nan, kuma kyauta.

Manyanmu sun san ba haka abin ya faro ba. Da aka ba da rahoton cutar a ƙasar nan a 1986, babu abin yi sai jinya da jiran rana, shi ya sa aka yi mata laƙabi da kabari kusa. Sai a 1996 duniya ta gane cewa haɗa magunguna uku yana danne ta. Mu nan sai 2002 gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 'yan cibiyoyi ƙalilan, ana biyan naira 1,000 duk wata, kafin a mayar da shi kyauta a 2006. Waɗanda suka sha na wancan zamani sun ga tasku: ƙwayoyi safe da yamma, wani ya tsotse kumatu, wani ya shanye jini, wani kuma ya hana mutum barcin kirki saboda jiri da mugayen mafarkai. Yau galibin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Magani ya yi sauƙi, bayaninsa ne aka bari a baya.

To ga shi dalla-dalla, kowa ya riƙe.

Ƙwayar nan guda ɗaya magunguna uku ne aka curo wuri ɗaya: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. A taƙaice ma'aikatan asibiti suna ce mata TLD. Haruffa uku ne kacal, wanda ya haddace lambar wayar mutum goma ba za su gagare shi ba. Cutar tana shiga cikin sojojin jiki, waɗanda likitoci ke kira CD4, ta mayar da su wurin hayayyafarta har su mutu. Biyu daga cikin magungunan suna hana ta kwafar kanta, na ukun yana hana ta dasa kanta a cikin sabon soja. Da an tare ta ta nan da can sai ta kasa yaɗuwa, sojoji su farfaɗo, mutum ya yi ƙiba ya koma harkokinsa. Abin da maganin ba ya iya yi shi ne zaƙulo wadda ta riga ta ɓuya a cikin wasu sojoji tana kwance. Wutar ƙaiƙayi ce: sama toka, ƙasa garwashi. Ka ɗaga mata ƙafa 'yan makonni, ta tashi. A Amurka an yi wata jaririya a jihar Mississippi da aka fara ba wa magani tun tana da awa 30 a duniya. Daga baya aka daina ba ta, ta yi sama da shekara biyu ba a ganin cutar a jininta, har likitoci suka fara murnar ta warke. A 2014 cutar ta dawo. In masana da na'urorinsu sun ruɗu, ina ga ni da kai?

Wannan ya kawo mu ga albishir mafi haɗari da ake yi wa mutum a asibiti, wato ranar da za a ce masa, "An auna, ba a ga cutar a jininka ba." Awon nan na yawan ƙwayar cuta ne. Ana yin sa wata shida da fara magani, a sake in an cika shekara, daga nan kuma duk shekara. In ya nuna ƙasa da 1,000 a mililita ɗaya ta jini, an ce magani yana aiki. In ya yi ƙasa ainun har na'ura ta kasa ƙirgawa, shi ne ake cewa ba a gani ba. Ma'aikaciya ta faɗi haka tana murmushi, layi ya yi tsawo, ta kira na gaba. Mutumin ya koma gida ya yi sadakar ƙosai, ya gaya wa mahaifiyarsa Allah Ya yaye. Robar ta koma ƙasan akwati. Bayan shekara guda sai a kawo shi ranga-ranga da tari da gudawa. Ba wanda ya yi masa ƙarya. Rabin magana aka gaya masa, aka bar rabin da ya fi muhimmanci: ba a gani ba ne saboda kana sha, kuma in ka bari za a gani.

Haka nan masu zagayawa wani ɗakin gwaji a ɓoye don su "tabbatar". Ku sani, wanda ya daɗe kan magani, gwajin nan na tsinke, musamman na goga dasashi da ake yi a gida, yana iya nuna masa babu alhali akwai. Shi ya sa ba a so wanda ke kan magani ya riƙa sake irin wannan gwaji. Da takardar irin wannan sakamakon ce masu cewa sun warkar da mutane suke yawo suna nunawa.

Amma a cikin awon yawan ƙwayar cutar nan akwai albishir na gaskiya, kuma abin takaici shi ne bai kai kunnen waɗanda suka fi buƙatarsa ba. A 2011 wani babban bincike da aka yi kan ma'aurata a ƙasashe da dama ya nuna fara magani da wuri yana rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. A 2016 aka fitar da wani da aka yi a Turai, inda aka bi ma'auratan da ɗaya yake da ita ɗaya ba shi da ita, aka ƙirga saduwa kusan 58,000 ba kariya, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba, matuƙar awon mai cutar yana ƙasa da 200. Ku sake karantawa. Matar da ke shan maganinta yadda ya kamata, awonta ya tabbata a ƙasa, ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciyar aure. Namiji ma haka. Yanzu da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, gidaje da yawa za su ci karo da sakamakon da ba su zata ba ana dab da ɗaurin aure. Ban ce a ɓoye wa kowa komai ba, ɓoyewa cin amana ce. Na ce ne waliyyai da iyaye su yanke hukunci da ilimin yau, kada su yanke da tsoron 1990. Mutumin da ya san maganinsa yana kare iyalinsa, wa zai ce masa ya bari ya saurare shi?

Sai maganar tsallake-tsallake. Yau a sha, gobe a manta, jibi an tafi biki Zariya an bar roba a gida. Cutar tana hayayyafa da sauri, tana kuma canza kama. In magani ya yi ƙaranci a jini, waɗanda suka iya jure masa su ne ke tsira su yaɗu, har a wayi gari ƙwayar ta daina cin su. Daga nan sai a koma magani na mataki na biyu, mai yawan ƙwayoyi da tsada da wahalar sha. Bayansa kuwa zaɓi kaɗan ne. Wanda ya manta, ya sha da zarar ya tuna. In lokacin na gaba ya riga ya gabato, ya sha guda ɗaya ya ci gaba, kada ya haɗa biyu wai yana ramuwa.

A nan dole in juyo kanku, magidanta. Akwai gidajen da matar ce ke zuwa ta bi layi ta karɓo, maigida kuwa girma ya hana shi a gan shi a wurin, sai ya riƙa ɗiba daga nata. Na wata uku ya ƙare a wata ɗaya da rabi, ita kuma kunya da tsoro su hana ta komawa kafin ranar da aka rubuta mata. Ga mutum biyu, kowa ya sha rabi, ba wanda ya tsira. Malam, wannan ba rufin asiri ba ne, cutar da baiwar Allah ce da cutar da kai. Je ka a buɗe maka naka kati. In asibitin unguwarku ne ba ka so, akwai na wata unguwar.

Azumi ma ba hujjar ajiye magani ba ne. Ƙwaya ɗaya ce a rana: a mayar da ita bayan buɗa baki ko lokacin sahur, a tsaya kan lokaci guda har watan ya fita. Tun 2009 likitoci suka wallafa binciken da suka yi a Kano, wanda ya nuna masu azumi sun riƙe shan maganinsu kamar waɗanda ba su yi ba, a zamanin da ma sau biyu ake sha. Abin da ake so shi ne a yi shawara da ma'aikaci tun cikin Sha'aban. Wanda jikinsa ya yi rauni kuwa, addini ya riga ya yi masa rangwame.

Akwai kuma abin da kusan ba a faɗa wa kowa, wato abubuwan da ba sa ga-maciji da ƙwayar nan a ciki. Maganin ƙarin jini da ake ba mata a wurin awon ciki, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da farin maganin olsa na ruwa da ake kurɓa daga kwalba, duk suna riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. Mai ciki ta haɗa su ta watsa a baki da safe cikin wofi, tana ganin ta cika umarni, ashe ta rage wa maganin ƙarfi a daidai lokacin da ɗanta ya fi buƙatarsa. Ƙa'idar ita ce a sha na cutar awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Na ƙarin jini da na ƙashi ana iya haɗa su da shi in tare da abinci ne. Mai kwaɗayin farar ƙasa ma ta faɗa wa ma'aikaciya, kada ta ji kunya. Wanda aka ɗora kan maganin tarin fuka, mai sa fitsari ya yi ja, yana buƙatar ƙarin dolutegravir guda bayan awa 12, domin na tarin yana sa hanta ta yi saurin kore shi. Mai ciwon suga da ke shan metformin ya faɗa, a duba masa adadin. Tenofovir yana bi ta ƙoda, saboda haka ɗan dako ko manomin da ya mayar da diclofenac abincin dare don ciwon jiki yana tara wa ƙodarsa nauyi biyu. Kuma tenofovir da lamivudine suna danne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu. Mai ɗauke da cututtukan biyu in ya yanke magani kwatsam, hantar na iya tashi ta kwantar da shi tun kafin ɗayar ta motsa.

Ko robar kanta akwai magana. Saboda gudun ido, wasu na ɓare takardar jikinta, wasu su juye ƙwayoyin a ƙullin leda don kada a ji ƙararsu a jaka. Ɗan ƙunshin nan da ke cikin robar, wanda ake jefarwa, shi ke tsotse damshi. A bar ƙwaya a robarta, a rufe da kyau, a nisanta ta da murhu da gaban mota. In an ɓare takarda, a rubuta sunan a wani wuri. Ranar da tafiya ta kama ka a Legas ko Agadas magani ya ƙare, "mai farar roba" ba zai fisshe ka ba.

Yanzu ga masu lasifika a kasuwa, da masu sayen fili a rediyo, da sababbin da suka koma TikTok suna rantsuwa cewa jarka uku ta raba mutum da ƙanjamau har abada. Mun ga inda wannan hanya ta kai wasu. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka ajiye maganin asibiti, aka yi asarar rayuka. A Afirka ta Kudu gwamnatin Thabo Mbeki ta yi ta jan ƙafa kan maganin, ministar lafiyarta tana tallar tafarnuwa da lemon tsami, masu bincike na Jami'ar Harvard suka ƙiyasta mutum sama da 330,000 sun mutu a dalilin haka. In shugaban ƙasa bai iya ba, mai jarka a bayan mota ba zai iya ba. Alamar macuci ɗaya ce: zai ce sai ka ajiye na asibiti nasa zai yi aiki. Da ka ji haka, tashi ka kama gabanka.

Malamanmu, Allah Ya ƙara muku daraja, ku ake ji. Ba wanda ya hana addu'a, ba wanda ya hana tofi ko zuma ko habbatus sauda. Roƙonmu shi ne duk wanda ya zo muku da wannan lalura, kafin ya tashi ku tambaye shi, "Kana shan maganinka?" Ku faɗa a mumbari cewa riƙe magani ba raunin tawakkali ba ne. Limaman coci ma haka: kada a sa mai shaida ya zubar da ƙwayoyinsa a gaban taro don nuna bangaskiya.

Iyaye mata, kakanni da surukai, jariri a hannunku yake. In ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 da masu cutar suka haifa, 15 zuwa 45 suna ɗauka. In uwa tana kan magani tun da ciki har yaye, adadin yana sauka ƙasa da 5. Ana ba jaririn nasa na ruwa, a gwada shi yana da mako shida, a ba shi nono zalla wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko. In kun ga mai jego tana ɗiga wa ɗanta magani kullum ko ta hana a ba shi ruwa, kada ku tsare ta da tambaya a gaban 'yan barka. Yaran da suka taso da cutar kuma, a daina ce musu na ƙarin jini ne har su balaga. Yaron da bai san dalilin shan ƙwaya ba, ranar da ya shiga makarantar kwana zai watsar. A riƙa buɗe masa maganar kaɗan-kaɗan tun yana firamare, gwargwadon hankalinsa, da taimakon ma'aikatan asibiti.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, mun san layin da ke gabanku, mun san hannu bai isa ba. Duk da haka "ka gane?" ba tambaya ba ce, domin Bahaushe zai ce "na gane" ko don kunya. Ku ce masa ya maimaita muku da bakinsa. Ku faɗa masa lambar awonsa, ku rubuta masa a kati, ku ce ya tambaye ku ita in ya dawo. A yi bayanin da Hausar kasuwa. Hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa, NACA, da hukumomin jihohi su buga shi da boko da ajami, su naɗe shi a murya a tura ta WhatsApp, su sayi fili a gidajen rediyon da masu jarka ke saya. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar, NEPWHAN, tana da mutanen da suka shekara ashirin kan magani, suka yi aure suka aurar. A zaunar da su a bakin taga, a biya su, domin maganar wanda ya sha ta fi shiga.

Gwamnati kuma ta ji. Da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, hankalin masu karɓar magani ya tashi, don kaso mai yawa na maganin nan da kuɗin shirin PEPFAR na Amurka da na Asusun Duniya ake sayo shi. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayo magani, an gode, amma ran mutum miliyan 2 bai kamata ya rataya kan zaɓen wata ƙasa ba. A irin wannan ruɗani, wanda bai san maganinsa ba shi ne zai fara raba ƙwaya biyu ko ya riƙa sha yau ya tsallake gobe don ta kai shi, ya jawo wa kansa abin da ya fi yankewar muni. A kuma aiwatar da dokar hana tsangwama ta 2014, domin wanda ke tsoron kora daga aiki ba zai tsaya a taga yana tambaya ba.

Kai da ke sha, ke da ke sha, ranar karɓa ta gaba kada ku fice da sauri. Ku tsaya ku ce: mene ne sunan maganina, nawa awona ya nuna, yaushe za a sake, ga kuma sauran abubuwan da nake sha, akwai wanda bai dace ba? In an yi muku tsawa ku sake tambaya, haƙƙinku ne.

Wanda kuma ya riga ya bari, ko wata uku ne ko shekara uku, ya dawo. Kada ya tafi wani asibitin ya yi kamar sabon zuwa, domin in likita bai san abin da ya taɓa sha ba zai iya ɗora shi kan wanda ya daina yi masa aiki. Ya zo da tsohon katinsa, ko da robar da ta rage, ya faɗi gaskiyar ranar da ya daina da abin da ya sha a madadinsa. In kunyar shiga shi kaɗai yake ji, ɗan uwa ko aboki ya raka shi, a je cikin makon nan.